Mun ce Baba ya huta, ashe hutun ne ke cin sa

Ranar da Baba ya yi ritaya mu 'ya'yansa mun fi shi murna. Shekara 30 da 'yan kai yana fita tun da sassafe sai dare ya dawo, akanta ne, irin mutanen nan da in lissafi bai daidaita ba ko da ɗigo ɗaya ne to ranar ba barci. Muka taru muka ce Baba yanzu kam sai hutu, kun gama mana komai, ku zauna mu ma mu yi muku. Yayana ya canza masa kujerar falo, ƙanwata ta ɗauki nauyin sa masa data, ni kuma na zama 'yar sandar gida, da na hango shi ya ɗauki tsintsiya ko ya nufi famfo da sifana sai na yi wuf na karɓe nace haba Baba, ina amfaninmu. Wallahi a lokacin gani nake biyayya nake yi.

Wata biyun farko lafiya lau, tsofaffin abokan aiki suna kira, wani ya tambaye shi ina fayil kaza, wani yace yallaɓai ya ake rufe lissafin kaza, yana amsawa yana ƙorafin wai ba za su bar shi ya huta ba alhali fuskarsa cike da fara'a. Daga nan kiran ya fara ja baya, a hankali a hankali har wayar ta koma sai mu kaɗai ke kira, mu ɗin ma tambayar guda ce kullum, Baba kun ci abinci, kun sha magani. Abin da ya fara ɗaga min hankali agogonsa ne. Mutumin da tun ina yarinya ban taɓa ganin hannunsa ba agogo ba, sai na tarar da shi a kan tebur har ya yi ƙura. Sannan ya fara tambaya wai yau wace rana ce, ba dan mantuwa ba, ƙwaƙwalwarsa ras take, kawai dai Litinin da Asabar sun zama abu ɗaya a wurinsa. Barcin rana ya ƙaru, magana ta ragu, faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba ya ƙaru. Muka kai shi asibiti aka yi gwaje-gwaje, ban da hawan jinin da dama yana da shi ba a ga komai ba.

Mama ce ta warware min. Muna zaune ina ta lissafa mata irin magungunan ƙarin kuzarin da zan saya masa sai tace ke dai bar ɓata kuɗinki, babanku ba ciwo ke damunsa ba, babu mai nemansa ne. Maganar ta tsaya min a rai kwana da kwanaki, saboda gaskiya ce kuma mu muka jawo. Mun ba shi kulawa iya kulawa amma mun ƙwace masa abu ɗaya, wato a wayi gari akwai wanda ke jiransa, akwai abin da in bai je ba ba zai yiwu ba.

Da na fara karance-karance sai na ga ashe ba a gidanmu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti guda a 2023 a kan kaɗaici da yankewar zumunci kawai, kuma rahoton da suka fitar a 2025 yace mutum 1 cikin 6 a duniya yana fama da kaɗaici, har suka danganta shi da mutuwar mutum kusan 871,000 duk shekara. A 2023 ɗin dai babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi inda ya kwatanta illar rashin cuɗanya da mutane da shan taba sigari har kara 15 a rana. Baba da bai taɓa sa sigari a baki ba! Kuma dattawan ƙaruwa suke, a 2020 masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1, ana sa ran su kai biliyan 1.4 a 2030, biliyan 2.1 a 2050. Ka duba yawan malamai da nas-nas da direbobi da teloli da kanikawa da iyaye mata da suka raini yara goma goma da ke cikin wannan lissafi, duk a ce musu su zauna su kalli bango.

Sai na je masa da maganar aikin sa kai. Ya kalle ni ta saman tabarau yace ke 'yar nan, da wannan gwiwar tawa za a ba ni gora in yi sintiri? Nace a'a Baba ba wannan sa kan ba, aikin taimakon jama'a nake nufi, wanda mutum zai yi dan ya ga dama ba dan albashi ba. Yace to. To ɗin da na san ta fatar baki ce.

Karon farko dai mun sha ƙasa, kuma laifina ne. Na samo wata ƙungiya a kusa da mu, na cike masa fom da kaina, na kai shi. Mutanen kirki ne, amma da suka ga furfura sai suka rasa yadda za su yi da shi, ranar farko aka ba shi kujera a gaba aka ce shi ne uban taro, aka yi hotuna, rana ta biyu aka ba shi takardu ya riƙa miƙa wa masu shigowa. Babu wanda ya tambaye shi me ya iya. Mutumin da ya shekara 30 yana bin diddigin lissafin ma'aikata guda, ga ma'ajinsu can gefe yana ta fama da rasit a cikin leda, amma ba wanda ya haɗa su. Sau biyu ya je, na uku yace ƙafarsa na ciwo, ni ma ban matsa ba dan na gane. Wannan ita ce matsalar da nake gani a wurare da yawa, ana gayyatar dattijo a matsayin ado, a girmama shi girmamawar da ke nufin kar ka taɓa komai, to ai ita ce dai kujerar falon aka ɗauko aka kawo wani wuri.

Abin da ya yi aiki ba ni na shirya shi ba. Shugabar makarantar firamaren da ke kusa da mu ce ta zo gida da kanta, ta gaishe shi, tace Baba mun ji ku akanta ne, littafin kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai ya rikice mana shekara biyu kenan, har iyaye sun fara zargin juna, ku taimaka ku duba mana. Ina zaune a wurin, na ga yadda ya gyara zama. Bai ce zai yi tunani ba, cewa ya yi akwai rasit? Tace akwai amma a hargitse. Yace a kawo duka, har wanda ya yage. Sati uku ya yi a kan teburin cin abinci da rula da jan biro, Mama na mita wai an mayar mata da falo ofis, a ƙarshe ya gano ba wanda ya ci ko sisi, wasu kuɗaɗe ne aka rubuta sau biyu wasu kuma ba a rubuta ba sam. Mutum biyu da suka daina gaisawa suka shirya.

Bambancin wannan da na farko a fili yake. An zo an same shi shi ɗin, an faɗi sunan matsalar, kuma matsalar irin wadda hannunsa ya sani ce. Ni dai yanzu na yarda sanarwar "ana neman masu aikin sa kai" a allo ko a guruf ɗin WhatsApp ba ta cika taɓa dattijo ba, yawancinsu ba za su kai kansu ba, akwai kunya akwai kuma tsoron a ce tsoho ya zo ya tare wa yara wuri. Amma ka je ka ce Baba abu kaza ya gagare mu, ku ne kuka san shi, ka ga ikon Allah.

Daga littafin kuɗi sai aka zarce. Yana zuwa makarantar ya lura wasu 'yan aji uku ba su iya ɗebewa mai aro ba, ya tambayi malamarsu ko zai iya zama da su, yanzu Talata da Alhamis yana da yara shida, awa ɗaya da rabi. Malama mai yara cike da aji ba ta da lokacin zama da yaro ɗaya ta maimaita masa abu sau bakwai, shi kuwa Baba lokaci ne ya yi masa yawa, ga haƙurin da bai yi da mu ba muna yara (wannan kam sai da na faɗa masa, ya yi dariya yace ai ku gwaji ne). Daga baya na gano ashe akwai shiri sukutum a Amurka mai wannan tsari, Experience Corps, tun tsakiyar shekarun 1990, wanda likitar tsofaffi Linda Fried tana cikin waɗanda suka tsara shi. A birnin Baltimore dattawa kan yi awa 15 a sati a azuzuwan farko na firamare suna taya yara karatu, masu bincike na jami'ar Johns Hopkins kuma suka bi su har da hoton ƙwaƙwalwa, suka ga ba yaran kaɗai ke ƙaruwa ba, su ma dattawan ɓangaren ƙwaƙwalwarsu mai tsara abu da riƙe tunani ya ƙara kyau. Abin da ya burge ni shi ne tun farko da gangan aka tsara shi a matsayin maganin tsufa amma ba a ce musu ku zo a yi muku magani ba, cewa aka yi ku zo yara na buƙatarku. Dole ka tashi, ka yi wanka, ka taka, ka hau matakala, ka riƙe sunayen yara, ka yi hira da sauran dattawa. Motsa jikin minti 150 a sati da likitoci ke ta fama a yi, ga shi ya shigo ta bayan gida ba tare da an kira shi motsa jiki ba. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne in ji kifi.

Labarin da ya fi taɓa ni kuma na Zimbabuwe ne. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya rasa wata mara lafiyarsa da ta kashe kanta saboda ba su da kuɗin motar zuwa asibiti a Harare, ƙasar kuma likitocin ƙwaƙwalwa ba su taka kara sun karya ba. Sai ya duba wa ke nan a unguwa kullum, wa mutane suka yarda da shi, wa ba zai tattara ya tafi wani gari neman aiki ba, amsar ita ce kakanni mata. Ya fara da kaka 14 a unguwar Mbare, aka koya musu yadda ake sauraro da yadda ake taya mutum warware matsalarsa ɗaya bayan ɗaya, aka ajiye benci a harabar asibitin unguwa, shi ne Friendship Bench. A harshensu na Shona ciwon damuwar ma sunansa kufungisisa, wato yawan tunani, kamar dai yadda muke cewa tunani ya yi wa wance yawa. A 2016 mujallar likitoci ta JAMA ta buga sakamakon gwajin da aka yi da mutum sama da 500, bayan wata shida kusan kashi 14 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka zauna a bencin ke da alamun ciwon damuwa, a cikin waɗanda ba su zauna a bencin ba kuwa kusan rabi. Da na karanta wa Mama tace to mu da muke yin wannan kyauta tun kafin a haife ki? Gaskiyarta, bambancin kawai horon da aka ba su da kuma sanin lokacin da za a ce wannan ya fi ƙarfina, a tafi wurin likita. Da tsohuwar zuma ake magani, amma ita ma zumar sai an san awo.

In ka fara dubawa da wannan idon sai ka ga guraben sun fi masu cike su yawa. Asibiti kaɗai ya isa, mutum ya zo daga nesa bai san inda ake yankar kati ba, bai san ina ne ɗakin gwaji ba, tsohuwar nas ko tsohon ma'aikacin asibiti da zai zauna awa biyu yana nuna hanya yana kwantar wa mutane hankali ba ƙaramin abu ba ne. Akwai cike fom da rubuta takardar koke ga wanda bai iya ba, akwai raka wani dattijon ganin likita dan a samu kunne biyu su ji bayanin magani, akwai laburare, akwai dashen itace da ban ruwa, akwai sasanta maƙwabta. Masu sana'ar hannu kuma nasu ya fi sauƙi, a Amsterdam wata mata Martine Postma ta fara abin da ake kira Repair Café a 2009, rana guda ake warewa mutane su kawo rediyo ko fanka ko keke ko rigar da ta yage a gyara tare kyauta, yanzu ya bazu ƙasashe da yawa kuma in ka duba masu gyaran galibi masu furfura ne, yaro na tsaye yana kallon yadda ake buɗe abu maimakon a jefar. Waɗanda suka yi kasuwanci ko aikin ofis su ma akwai nasu, a Amurka ƙungiyar SCORE tun 1964 take haɗa tsofaffin manajoji da masu ƙananan sana'o'i su ba su shawara kyauta, Jamus na da Senior Experten Service tun 1983 da ke tura ƙwararrun da suka yi ritaya har ƙasashen waje. Ba sai an yi rijistar ƙungiya kafin a kwaikwayi wannan ba, yarinyar da ta buɗe shagon ɗinki ba ta san yadda ake raba uwar kuɗi da riba ba zama uku da irin su Baba ya ishe ta.

Wanda ƙafa ta hana shi fita fa? Wata ƙawar Mama da ba ta iya doguwar tafiya tana da mutum biyar da take kira duk sati, duk tsofaffi ne da ke zaune su kaɗai, ta san ranar asibitin kowa, in ta kira sau biyu ba a ɗauka ba sai ta nemi ɗan mutum ko maƙwabci. Daga kan gadonta take yi, kuma ni a wurina aikinta bai gaza na kowa ba. Shekaru ma ba su ne ma'auni ba, mahaifiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, Lillian, nas ce, tana da shekara 68 ta shiga Peace Corps, shirin aikin sa kai na gwamnatin Amurka, ta tafi Indiya a 1966, shi kansa ɗan nata daga 1984 ya riƙa zuwa ginin gidajen marasa ƙarfi da ƙungiyar Habitat for Humanity, a 2019 yana da 95 ya faɗi a gida aka yi masa ɗinki a goshi, bai fasa ba ya bayyana wurin aikin da ido a kumbure. Ban faɗa wa Baba wannan ba dai, kar ya ɗauko tsani.

Amma kar in yi ta zuba kamar abin ba shi da wani gefe. Da farko ba kowane dattijo ke da sararin yin aiki kyauta ba, da yawa ba su da fansho, har yanzu fita suke su nemo na yau, wasu kakannin kuma tun asuba suke fama da jikoki ba wanda ya taɓa kiran wannan aikin sa kai balle a gode musu. Irin waɗannan ka je musu da wa'azin taimakon al'umma ai rashin ta ido ne. Sannan akwai masu cin gumin tsofaffi, aikin da ya kamata a ɗauki ma'aikaci a biya shi sai a lafta wa dattijo saboda ba zai iya cewa a'a ba, ko kuɗin mota ba a ba shi, daga awa biyu a koma kullum. Baba ma sai da muka ja layi, da aka ga ya iya sai wannan kwamiti ya kawo littafinsa wancan ya kawo, har ya fara kwana a kan lissafi jininsa ya hau, dole Mama ta sa doka, kwana biyu a sati, ranar asibiti kuma ko wa ya zo ba ya nan. Duk ƙungiyar da ta ce dattijo ya biya kuɗin rijista kafin ya taimaka, ko ta nemi lambobin katin bankinsa, ko ta ce ya sa hannu a takardar da bai karanta ba dan a yi amfani da sunansa, a gudu. In kuma aikin da yara ne, a yi shi a fili inda malamai ke gani, da sanin iyaye, wannan kariya ce ga yaran kuma kariya ce ga mutuncin shi dattijon.

Su ma dattawan akwai nasu. Wanda ya saba shi ne oga, sai ya zo inda shugabar ba ta kai 'yarsa ba, in bai iya haɗiye "a zamaninmu ba haka ake yi ba" to ba za a daɗe ba. Baba ya sha wannan, malamar ajin tace masa yanzu ba a koyar da ɗebewa yadda ya koya, ya dawo gida yana huci, kwana biyu sai ga shi da littafin 'yan aji uku yana bi shafi shafi, wai gemu ba ya hana ilimi. Har yau dai yana ganin hanyarsa ta fi, amma tata yake koyarwa.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 1 ga Oktoba ranar tsofaffi, 5 ga Disamba kuma ranar masu aikin sa kai, ni ban damu da ranakun ba sosai dan yawanci taro ne da jawabi da hoto, irin wanda aka zaunar da Baba a gaba. Na fi son shugabar makaranta ko mai kula da asibitin unguwa ko matashin da ke jagorantar wata ƙungiya ya ɗauki biro ya rubuta abu uku da suka gagare su, sannan ya tambaya wane dattijo ne a kusa ya shekara 30 yana yin irinsa, ya je ya yi sallama.

Wata mai zuwa za a yi wa Baba aikin ido, likita yace sai ya ɗan kwanta na wasu makonni. Mu muna ta maganar wa zai kwana da shi, shi kuma damuwarsa yaransa shida, musamman wata da yace ta kusa kama rabawa in aka bar ta yanzu za ta koma baya. Ya kira wani abokinsa da suka yi ritaya tare, wanda shi ma ke zaune gida yana faɗa da rimot, yace ya zo ya riƙe masa. Jiya na je na tarar da su biyu a falo, Baba ya ba shi littafin 'yan aji uku yana masa jarrabawa, abokin yana cewa haba malam ni fa injiniya ne, Baba yace ai shi ya sa, yi min bayanin aro yadda 'yar shekara takwas za ta gane. Sau biyu yana kayar da shi, ya ce ya dawo Alhamis su tafi tare ya ga yadda ake yi.